Kula da Kundayen Aro Wajen Gina Manhaja

Da wuya a yau a sami manhajar da aka rubuta kaf daga tushe. Maginanta kan ɗauko shiryayyun kundayen umarni da wasu suka rubuta, daga rumbuna irin su npm da Maven Central, su haɗa da nasu aikin. Kowane kundi kuma yakan dogara da wasu, har manhaja guda ta rataya a kan ɗaruruwan kundaye da mai ita bai san da su ba.

A watan Maris na 2016, marubucin wani ɗan kundi mai suna left-pad, mai layi 11 kacal, ya janye shi daga npm. Nan take ɗimbin ayyuka suka tsaya cik, sai da aka maido da shi. A Disambar 2021 kuwa aka bayyana wata ɓaraka a kundin Log4j, wadda ke ba maharan intanet damar sarrafa kwamfuta daga nesa. Hukumomi da dama sun sha wahala kafin ma su tantance ko suna amfani da shi.

Don haka muke shawartar ma'aikatun da ke ba da kwangilar manhaja da su nemi cikakken jerin kundayen da aka ara, tare da lasisi da lambar fitowar kowanne. A lamba irin 2.4.1, sauyin adadin farko na nuna canjin da ka iya ɓata aiki, na ƙarshe kuwa gyaran kuskure ne. A kulle lambobin cikin fayil irin package-lock.json, a ajiye kwafin kundayen, kuma kada a sabunta sai an gwada.