3.2 Lambunan Tarihi na Turai a Lokacin Hunturu

A ƙasar Hausa, lokacin sanyi ne lambu yake yin albarka. A Turai kuwa hunturu ne lokacin da ganye yake zubewa, furanni su mutu, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. Wannan sashe zai duba hanyoyi uku da masu lambunan ƙawa suka bi don kada lambunansu su zama kufai na tsawon wata uku ko huɗu.

Hanya ta farko ita ce dasa itatuwan da ba sa zubar da ganye. A shekarar 1625, masanin Ingila Francis Bacon ya rubuta maƙala a kan lambu, inda ya ba da shawarar a tanadar wa kowane wata shuke-shukensa, har da Disamba da Janairu. Misalin wannan hanya shi ne lambun Levens Hall da ke arewacin Ingila, wanda Bafaranshe Guillaume Beaumont ya fara tsarawa a 1694. Ana yi wa itatuwansa aski da siffofi daban-daban, don haka kyansa bai dogara ga fure ba.

Hanya ta biyu ita ce ɓoye shuka daga sanyi. Tsakanin 1684 da 1686 aka gina wa Sarki Louis na 14 wani makeken zaure a fadar Versailles ta Faransa, inda ake shigar da itatuwan lemo cikin akwatunansu idan sanyi ya kama. Wannan kuwa sai mai ƙumbar susa, domin aiki ne mai cin dukiya da ma'aikata.

Hanya ta uku ita ce shigo da tsirrai masu fure a cikin sanyi daga wasu ƙasashe. A 1874, Henry John Elwes ya samo wani nau'in farin fure a Turkiyya, wanda har yau jama'a suke zuwa kallonsa a lambun Colesbourne cikin watan Fabrairu. Daga baya, a 1979, Jami'ar Cambridge ta keɓe wa tsirran hunturu wani sashe a lambunta.

Idan aka yi la'akari da waɗannan bayanai, za a fahimci cewa hunturu shi ne ma'aunin gwanintar mai tsara lambu. Fure yana iya rufe kuskuren tsari a lokacin zafi, amma da zarar ya zube, sai aikin kowa ya fito fili.