Dabarun Dahuwa da Gashi a Gida

Yawancin abincin da ke lalacewa a gidajenmu, kayan haɗinsa masu kyau ne. Tuwo ya yi gudaji, wake ya ƙi nuna, ƙosai ya sha mai, kek ya faɗa a tsakiya. In aka bi sawu, za a tarar ko dai wuta ce ta yi yawa, ko awo bai daidaita ba, ko kuwa an zuba wani abu kafin lokacinsa. Da tsadar fulawa da mai da gas a yau, tukunya ɗaya da ta ɓaci asara ce ga dukan gida, gyaran kuwa ba ya bukatar sayen wani sabon kaya.

Awo

Miya tana karɓar gyara. Ana ɗanɗanawa, a ƙara gishiri, a ƙara ruwa. Kek da burodi ba haka suke ba, gama da zarar sun shiga wuta magana ta ƙare. Saboda haka mai gashi dole ta san abin da take awo da shi.

Idan littafin girki ya ce "kofi ɗaya", yana nufin kofin awo mai cin kimanin mililita 240. Gwangwanin madarar ruwa da muka saba awo da shi bai kai haka ba, kusan kashi biyu ne cikin uku na kofin. Wadda ta karanta "kofi uku na fulawa" ta auna da gwangwani, kofi biyu ke nan ta zuba, alhali ƙwai da bota suna nan yadda aka rubuta. Babban cokalin awo mililita 15 ne, ƙaramin kuma 5, wato ƙanana uku su ne babba ɗaya.

Yadda ake cika kofin ma yana da tasiri. Fulawar da aka tankaɗe, aka zuba da cokali, aka share bakin kofin da bayan wuƙa, takan kai giram 120. In aka tura kofin cikin buhu aka danna, takan kai 150. Sukari kofi ɗaya giram 200 ne. Duk mai yin kek na sayarwa, ko wadda ake kira lokacin bikin aure da Kirsimeti, ya kamata ta nemi ƙaramin sikeli. Da shi ne tsohon awon nan mai sauƙin riƙewa yake aiki: bota giram 250, sukari 250, fulawa 250, ƙwai manya 4 ko matsakaita 5, da ƙaramin cokali 2 na bekin foda.

Abin da ke sa kwaɓi ya tashi

Yis abu ne mai rai. Yana son ɗumi kamar na jikin mutum, tsakanin digiri 35 da 40, zafin da ya kusa 60 kuwa yana kashe shi. Ku sa yatsa a ruwan. In ba za ku iya barinsa a ciki ba, ya yi zafi da yawa. Kafin ku kwaɓa mudu guda na fulawa, ku gwada yis ɗin cikin ruwan ɗumi da ɗan sukari. In minti 10 sun wuce bai yi kumfa ba, ya mutu. Kada ku dogara ga agogo wajen jiran tashin kwaɓi. Na burodi ko fanke da zai ninka cikin minti 40 a Yola a watan Afrilu yana iya cin awa biyu a Fankshin da sanyin Disamba. Ku jira ya ninka girmansa, ku kuma rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta domin kada iskar hunturu ta busar da samansa. Wanda ya wuce lokaci yakan yi tsami da warin giya, fankensa kuma ya sha mai.

Bekin foda da bekin soda ba ɗaya ba ne, ko da yake dukansu farin gari ne. Soda ya fi ƙarfi kusan sau uku, kuma yana bukatar abu mai tsami a cikin kwaɓin, kamar nono ko ruwan lemun tsami. In ya yi yawa, kek ya yi ɗanɗanon sabulu. Bekin foda kuwa da nasa tsamin a ciki, amma danshin damina yana kashe shi idan an bar gwangwanin a buɗe. Ku zuba ƙaramin cokali ɗaya a ruwan zafi. Mai kyau zai yi kumfa nan take.

Fulawa tana yin danƙo idan an jiƙa ta aka murza. Burodi yana bukatar wannan danƙo, shi ya sa ake murza shi har minti 10 ko fiye. Kek ba ya so. Bugun kek duka a wurin bota da sukari yake: a buga har su yi fari su yi laushi, a sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a juya fulawa a hankali, a tsaya da zarar ta ɓace. Ku riƙa fasa kowane ƙwai a wani ƙaramin kwano dabam, domin ɓatacce ɗaya yana iya ɓata kwaɓin duka. Sabon ƙwai yana nutsewa ya kwanta a ruwa, wanda ya taso sama ya tsufa.

Ƙosai iska ce ke tashinsa. A niƙa waken da ruwa kaɗan, a buga ƙullin da muciya har ya yi fari ya yi sauƙi, a sa gishiri dab da suya.

Gasa kek a tukunya

Gidaje da yawa ba su da obin, masu na lantarki kuma sun san halin wuta. Tukunya mai kauri da murfin da ke rufuwa sosai tana yin aikin. A zuba busasshen yashi mai tsabta ko gishiri a ƙasanta, kaurin yatsa biyu, a ɗora ƙananan duwatsu uku ko guntun ƙarfe a kai domin kada gwangwanin kek ya taɓa yashin. A rufe, a ɗora a wuta minti 10 zuwa 15 kafin kek ya shiga. A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Kwaɓin da aka sa a tukunya mai sanyi, botarsa takan narke tun bai kama jikinsa ba, sai ya fito da nauyi.

Zafin da kek yake so kimanin digiri 180 ne. Wadda ba ta da ma'auni ta sa guntun farar takarda a ciki ta rufe na 'yan mintoci. In ta yi launin ƙasa-ƙasa mai haske, zafi ya yi daidai. In ta yi baƙi, a rage wuta. Wahalar tukunya ita ce zafinta daga ƙasa yake fitowa, shi ya sa gindin kek ke ƙonewa samansa yana fari. Masu gasawa da gawayi sun fi sa'a: a rage garwashin ƙasa, a ɗibi wani a baza bisa murfin ƙarfe. A kan gas ko risho, a bar wutar a ƙasa-ƙasa, a yi haƙuri.

A shafa wa gwangwani bota, a barbaɗa fulawa, kada a cika shi fiye da kashi biyu cikin uku. Kada a buɗe murfi cikin minti 25 na farko, komai son gani, gama sanyin da zai shiga shi ne ke sa tsakiya ta faɗa. Bayan haka a soka tsinke a tsakiya. In ya fito ba kwaɓi a jikinsa, ya gasu. A bar shi minti 10 cikin gwangwani kafin a juye.

Mutanen Filato da Mambila suna da wata matsala tasu. A kan tudu iska ba ta da nauyi, saboda haka kek yakan tashi da sauri ya faɗa kafin ya kama. In awon da ya yi wa 'yar'uwa kyau a Makurdi yana faɗuwa a Jos, a ɗan rage bekin foda da sukari.

Wutar tukunya

Ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi komai yawan itacen da aka tura. A bakin teku yana tafasa a digiri 100, a nan yake tsayawa. Ƙarin wuta ruwa kawai yake ƙonarwa, ya kama gindin tukunya. Da zarar tukunya ta tafasa sai a rage wuta, a rufe. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, shi ya sa wake da ganda suke daɗewa a can.

Maganin wake mai taurin kai shi ne a jiƙa shi tun da dare. Ana cewa gishiri yana hana shi nuna, amma ainihin mai hanawa tsami ne, saboda haka tumatir ya jira sai waken ya yi laushi. Kanwa tana sa shi nuna da sauri, gaskiya ne, sai dai tana lalata bitamin B1 da ke cikinsa, kuma tana ƙara wa jiki irin sinadarin da ke cikin gishiri. In za a sa, a sa ɗan kaɗan. Nama mai tauri kuma yana laushi da tafasa a hankali. Guntun ɗanyen gwanda da aka goga masa kafin dahuwa yana taimakawa.

Tsamin miyar tumatir daga gaggawa yake zuwa. A tafasa niƙaƙƙen kayan miya har ruwansa ya ƙone, sa'an nan a soya har mai ya taso sama. Dafa-dukar shinkafa a kan irin wannan suyar take tsayuwa, kuma tururi ne ke ƙarasa ta: ruwa daidai saman shinkafa, murfi a rufe gam, wuta ƙasa, ba yawan juyawa. Manja kuwa, a narkar da shi kawai. In aka bar shi ya yi hayaƙi har ya koɗe, jan launin nan da ya tafi shi ne abin da jiki ke mayarwa bitamin A.

Tuwo: a dama talge da ruwan sanyi kafin a zuba cikin tafasasshen ruwa, a bar ruɗen ya dahu sosai, a zuba gari kaɗan-kaɗan ana tuƙawa, a rufe ya sulala. Gudaji daga zuba gari da yawa a lokaci ɗaya ne, warin ɗanyen gari kuma daga gajarta sulala.

Alayyafo da zogale da sauran ganye, a wanke kafin a yanka, a sa su a ƙarshe, a sauke tun suna kore. Wajen ɗanɗano kuma a tuna dunƙulen miya irin su Maggi kusan rabinsu gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule. Daddawa, citta, tafarnuwa da busasshen kifi suna rage bukatarsa, abin da gidan da ke da mai hawan jini zai so ya sani.

Suya

Mai yana bukatar zafin digiri 170 zuwa 180. A jefa ɗan guntun kwaɓi: in ya taso cikin 'yan daƙiƙu yana kumfa, an shirya, in ya zauna a ƙasa, mai bai yi zafi ba, abincin zai sha shi, in ya yi ja nan take, cikinsa zai zauna ɗanye. Cika kasko yana sanyaya mai, saboda haka a soya kaɗan-kaɗan. A kakkaɓe garin da ke jikin cincin kafin a zuba, a kwashe tun bai kai launin da ake so ba domin yana ci gaba da yin duhu, a bar shi ya huce sarai kafin a rufe a bokiti. In mai ya kama da wuta, a kashe murhu a rufe kaskon da murfi. Ruwa zai watsa wutar ne.

Ragowar abinci da ajiya

Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa da sauri tsakanin digiri 5 da 60, zafin ɗakunanmu kuwa a tsakiyar nan yake. Ka'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka. Ko dai ya zauna da zafinsa a kan wuta, ko ya shiga firiji, kuma in za a ɗumama, a ɗumama har ya yi tururi ciki da waje. Masu dafa wa taro su kula da shinkafa musamman. Akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, ta fitar da guba idan shinkafa ta daɗe tana ɗumi-ɗumi cikin kula, kuma ɗumame ba ya kashe wannan guba. Shinkafar da aka sauke da asuba domin cin yamma tana da haɗari; gara a raba dahuwar kashi biyu. Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen nama ko kaza, a wanke su da sabulu kafin su taɓa kabeji ko latas.

Masara da gyaɗar da suka yi fumfuna suna iya ɗaukar gubar afalatoksin, wadda ke lalata hanta, wuta kuma ba ta kawar da ita. A Kenya a 2004 ta kashe mutum 125 da suka ci irin wannan masara. A tsince ƙwayoyin da suka canza launi ko suka motse kafin niƙa, a zubar, a ajiye buhu bisa katako nesa da bango.

Gawayi yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari. Ko da sanyin hunturu, kada a gasa kek ko a bar garwashi cikin ɗakin da aka rufe ƙofa da taga.