Yadda tsoffin wasannin bidiyo suka koma intanet

An dade da daina kera na'urorin wasan bidiyo irin su Atari 2600, wadda ta fito a 1977, da Famicom ta kamfanin Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1983. Wadanda suka rage a hannun jama'a kuma suna ta lalacewa.

Sai dai a yau ana iya buga dimbin wasannin wancan zamani a burauza, wato manhajar da ake bude shafukan intanet da ita, ba tare da an mallaki na'urar ba.

Yaya abin yake aiki?

Ana amfani ne da manhajar kwaikwayo, wadda ke sa kwamfuta ko waya ta yi aiki tamkar tsohuwar na'urar.

Da farko akan kwafe bayanan da ke cikin kaset din wasan zuwa wani fayil da ake kira ROM. Manhajar sai ta rika karanta umarnin da ke ciki daya bayan daya, tana aiwatar da su kamar yadda kwakwalwar na'urar ta asali za ta yi, tana fitar da hoto kimanin sau 60 a kowace dakika, tare da sauti.

Aikin bai fi karfin na'urorin zamani ba, domin ma'ajiyar aiki ta Famicom kilobayit 2 ce kacal.

Ta yaya aka kai ga haka?

A 1997 wani dan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara aikin MAME domin adana wasannin da ake bugawa a shaguna. A lokacin, dole sai mutum ya sauke manhajar ya dora a kwamfutarsa.

A karshen 2013, cibiyar Internet Archive da ke Amurka ta bude wani sashe da ake buga wasannin tsoffin na'urori kai tsaye a burauza. A 2014 ta kara da wasannin shaguna kimanin 900.

Fasahar WebAssembly, wadda manyan burauzoji suka karba a 2017, ta kara wa irin wadannan manhajoji sauri matuka.

Me doka ta ce?

A 2000 wata kotun daukaka kara a Amurka ta goyi bayan kamfanin Connectix a shari'arsa da Sony, kan manhajar da ke kwaikwayon PlayStation.

To amma wasannin kansu suna da hakkin mallaka, kuma rarraba su ba da izini ba keta doka ne a kasashe da dama. A 2024 masu manhajar Yuzu, wadda ke kwaikwayon na'urar Switch, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4, suka kuma rufe aikin.

Me ya sa batun ke da muhimmanci?

Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu.

Masu adana tarihi na cewa wasannin nan wani bangare ne na al'adun zamani, kamar fina-finai da littattafai, kuma idan ba a kwafe su ba za su bace tare da kaset dinsu. Su kuwa kamfanonin na cewa dukiyarsu ce, kuma su ke da ikon yanke lokacin da za a sake fito da ita kasuwa.