Jan Zaren da ke Gefen Kuɗin Amurka

Tun daga shekarar 1837 har zuwa 1964, ƙananan kuɗaɗen Amurka na azurfa, watau mai santi goma da kwata da rabin dala, duk zubinsu ɗaya ne: kashi 90 cikin ɗari azurfa, kashi 10 jan ƙarfe, an narke su tare sun zama abu guda. Kowa ya juya su ya dubi gefe, fari fat zai gani.

To, bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai bukatar azurfa ta yawaita, musamman wajen masu yin fim na ɗaukar hoto da masu kayan lantarki. A 1963 oza guda ta kai dala 1.29, alhali kuwa in ta haura dala 1.38, azurfar da ke cikin kwata ta fi kwatan kansa daraja. Mutane suka shiga ɓoyon kuɗi, canji ya yi wuya a kantuna, rumbun gwamnati kuma yana ta ƙarewa.

Sauya ƙarfen ba abu ne mai sauƙi ba, domin ƙasar cike ta ke da injunan sayar da kaya waɗanda a ke jefa wa kuɗi, su kuwa ta yadda ƙarfe ke ɗaukar lantarki su ke rarrabe na gari da jabu. Dabarar da aka samu ita ce a yi kuɗin hawa uku. Tsakiya jan ƙarfe zalla, sama da ƙasa kuma falle-falle na wani farin gauraye, kashi 75 jan ƙarfe, kashi 25 nikal. A haɗa su su manne, a murje su da injin har su yi sirara, sa'an nan a huda faifan a fitar da ƙwayoyin kuɗi. Wannan hudawa ita ce ta bar cikin a fili. Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa dokar hannu ran 23 ga Yuli, 1965, har ya gargaɗi masu ɓoyo cewa ba za su ci riba ba. Ba a yi 'yan shekaru ba na azurfan suka ɓace daga kasuwa.

Don haka abin da mai fara tara kuɗi ke koya da farko shi ne duban gefe. In ya ga jan zare tsakanin farare biyu, ya san ba azurfa a ciki. Zaren ba kullum ya ke daidai a tsakiya ba, gama wajen hudawa fallen gefe ɗaya kan jawo ya rufe wani sashe. Wannan ba kuskuren bugu ba ne, ba ya ƙara wa kuɗin daraja ko anini. In ya tsufa a hannun mutane kuma ja ɗin kan koma ruwan ƙasa.

Rabin dala shi ne mai ruɗarwa. Daga 1965 zuwa 1970 an bar masa azurfa kashi 40, shi ma hawa uku, amma da ya ke cikinsa akwai 'yar azurfa, zarensa toka-toka ne, wani lokaci da ƙyar a ke ganinsa. Sai a 1971 ya bi sahun 'yan'uwansa.

Amma fa farin gefe kaɗai ba shaida ba ne, domin akwai masu shafa wa sabon kuɗi ruwan azurfa su rufe ja ɗin. Nan sai a koma ga ma'auni. Kwata na azurfa nauyinsa giram 6.25 ne, mai hawa uku kuwa 5.67.