Muhammadu Rumfa da Siyasar Gine-gine a Birnin Kano

Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ɗan Yakubu ya hau gadon sarauta a shekarar 1463, ya kuwa riƙe ta har zuwa 1499. A zamaninsa Sonni Ali na Songhai yana faɗaɗa daularsa da kaifin takobi. Rumfa ma ya yi yaƙi, domin littafin Tarihin Kano ya nuna cewa ya shekara 11 yana fafatawa da Katsina, ba wanda ya rinjayi wani. Amma ba a fagen fama sunansa ya tsaya ba, a kan ayyukan raya gari ya tsaya.

Birnin da ya gada ya taru ne a gindin dutsen Dala, cikin ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12. A nan tsofaffin gidajen sarauta suke da ƙarfi. Rumfa bai ja da su fito-na-fito ba. Sai ya faɗaɗa ganuwa, ya gina sabuwar fada a kudancin tsohon gari, wato Gidan Rumfa. Ta haka ya ɗauke cibiyar mulki ya kai ta inda shi ne mai shimfiɗa tsari.

Har ila yau ya kafa Kasuwar Kurmi. Fatake masu ƙetare Sahara suka sami matattara guda, hukuma kuma ta sami inda za ta sa ido a kan ciniki. Da yake gini ba ya tsayuwa sai da masu kula, ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya kuma damƙa wasu muƙamai ga bayin fada, waɗanda biyayyarsu ga sarki kaɗai take. Wajen 1492 Shehu Muhammadu al-Maghili ya sauka Kano, ya rubuta masa littafi a kan wajiban sarakuna, wanda ya ɗora wannan tsari bisa ma'aunin shari'a.

Abin lura ga ɗalibi da ma'aikacin gwamnati shi ne makomar ayyukan nan. Fada da kasuwa suna raye bayan shekara fiye da 500, domin kullum akwai masu amfani da su. Ganuwa kuwa, da yaƙi ya kau aka daina yi mata yaɓe, sai ruwan sama da masu neman fili suka cinye yawancinta. Aikin jama'a yakan daɗe ne gwargwadon yadda aka tanadi masu riƙon sa.