silika

silika *sn., mc.* (ba ta da jam'i)

1. Sinadari mai tauri da ke samuwa idan silikon ya haɗu da iskar oksijin. Ita ce mafi yawan abin da ke cikin rairayi da ƙanƙarar dutse, kuma da ita ake yin gilashi.

2. Narkakken wannan sinadari, wanda ruwan sama ke lasowa daga duwatsu sannu a hankali, koguna su kai shi teku. A can wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, masu suna dayatom, suna zuƙe shi su gina ɓawonsu. In sun mutu, yawancin ɓawon yakan sake narkewa, ragowar ta kwanta a ƙasan teku ta zama laka. Tekun da ya kewaye Antatika ya shahara da irin wannan laka. Ba sai an je can ba: kwarin Bodele na arewacin Chadi tsohon gindin tafki ne, kuma ɓawon dayatom ɗinsa yana cikin ƙurar da iskar hunturu ke kawowa ƙasar Hausa.

3. Abin da shinkafa ke tsotsa daga ƙasa don ƙarfafa kara da ganye. Shi ya sa ɓuntu ke da kaushi, tokarsa kuwa fiye da kashi 80 cikin 100 silika ce.

*Misali:* Manomin fadama a Kebbe ko Tambuwal da ya mayar da tokar ɓuntu gona, silika ya mayar wa ƙasarsa.