Kabon: Sinadarin da ke cikin masa da gawayin Wunti

Babu wani abu mai rai da ya rasa sinadarin kabon. Kusan kashi 18 cikin 100 na nauyin jikin ɗan Adam kabon ne. Ƙwayar zarrarsa na ƙulla haɗi huɗu lokaci guda, shi ya sa take sarƙuwa da 'yan uwanta su yi dogayen jeri, waɗanda su ne ginshiƙin sitaci, mai da furotin.

A Wunti, cikin birnin Bauchi, inda masa ta yi suna, kullum ana ganin aikinsa. Sitacin shinkafa jerin gulukos ne, kowace ƙwayar gulukos kuma na ɗauke da kabon 6, haidurojin 12 da oksijin 6. Yis kan ci sukarin ƙullu ya saki iskar kabon dayoksaid, sai ƙullun ya tashi.

Gawayin da ke ƙarƙashin tanda kuwa galibinsa kabon ne. Idan ya ci inda iska ba ta wadata ba, kowane kabon kan kama oksijin ɗaya maimakon biyu, a samu kabon monoksaid. Iskar ba ta da launi ko wari, tana kuma hana jini ɗaukar oksijin. Ita ce ke kashe masu kwana da garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu.